Ranar da Na Tuɓe Riga Gaban Surukina

Jama'a, jiya da hantsi ni Sallau, magidanci mai furfura a gemu, na tuɓe rigata a tsakiyar gidan likita na Dakoro, gaban maza da mata, gaban surukina uban matata. Ba hauka na yi ba, ba kuma kunama ce ta shiga mini riga ba. Tun da labarin ya riga ni isa kasuwa har an ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakin mai bayan.

Kun san dai shekara uku ke nan da muka samu mulkin kai, kuma tun ranar alheri bai daina sauka a kanmu ba. An kawo mana famfo wanda bututunsa bai kai rabin zurfin rijiyarmu ba, yana nan tsaye, awaki na sosa jiki da shi. An kawo sikelin awon jarirai, ya yi kwana uku a gidan likita, yanzu gyaɗa yake aunawa a gidan wani da ba zan faɗa ba. To wata biyu da suka wuce sai ga sabon alheri daga wata ƙasa mai sanyi: akwatin kuran, wato lantarki, mai maganin ciwon jiki. Akwati ne na katako, da maɓalli mai lamba ɗaya zuwa goma, da waya biyu, kowace tana ƙarewa da faifan ƙarfe kamar murfin gwangwanin madara. Tun da garinmu ba kuran, da batirin mota ake haɗa shi. Aka ce in an ɗora maka faifan nan biyu a inda ke ciwo, wuta ƴar kaɗan za ta shiga ta tada jijiyar da ta yi barci.

Ni kuwa kafaɗata ta dama ta daɗe tana yi mini tawaye. Tun damina biyu da suka wuce, in na tura hauya sai in ji kamar ana zare mini jijiya. Saboda haka ranar buɗe akwatin na yi sammako, na sa rigata ta sallah, na samu wuri gaba-gaba. Da aka ce wa zai fara gwadawa, kafin hankalina ya yi shawara hannuna ya riga ya tashi. Hannun hagu, don na daman ba ya tashi.

Wanda ya zo buɗewar wani babba ne daga cikin manya, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, domin ban taɓa jin zaren da ya gagare shi ba. Mai kula da gidan likitanmu kuwa Majo Hamani ne, mutumin yamma, siriri, mai yawan ajiyar zuciya. Na lura tun farko ransa bai kwanta ba. Ya nuna mini littafin da ya zo da akwatin, an rubuta shi da wani harshe da ko ƴan lakwal, masu karatun boko, ba su iya karantawa, amma akwai zane. A zanen, tsakanin ƙarfe da fatar mutum akwai wani matashi mai kauri, zagayayye, wanda ake jiƙawa da ruwan gishiri. Majo ya ce ƙarfen in ya taɓa fata tsirara yana ci. Ya ce shi dai da akwatin ya iso hannunsa babu matashin ko ɗaya, don sai da ya kwana bakwai a Buron Karɓar Alheri, wani ofishin gwamnati, kafin a miƙo masa.

Ya ɗauko wani tsumma ya jiƙa, zai naɗe faifan da shi. Sai mai riƙe wa Mai Girma jaka ya zaburo.

"Mine ne wanga? Tsumma gaban baƙi? Kayan zamani na, ba a gama su da tsumma. Kau da shi!"

Majo ya ja numfashi ya ajiye tsumman. Saboda mutunci ba a tuɓe ni ba, ta wuyan riga ya zura faifan biyu ya ɗaure su da roba a bayan kafaɗata. Ya sunkuyo kusa da kunnena, ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Mushe Sallau, sannu-sannu za ni murɗawa. In ka ji kamar tururuwa na tahiya, daidai na. In ka ji cizo, ka hwaɗi maza. Akwatin ba shi da kunne, ni kuma ba ni cikin hwatarka."

Na ce to. Ya murɗa zuwa uku, na ji tururuwar, har da ɗan daɗi. Sai na ɗaga ido. Can cikin taro, a kan buzu, ga Baba Na'Allah, Allah ya yafe mini rubuta sunansa, uban matata Rahamatu. Ya zo cin kasuwa daga Kornaka, aka ce masa ana kallo a gidan likita. Mutum ne da ya shekara arba'in cikin shanu, wanda aka taɓa cire wa haƙori da awartaki yana cikin ba da labari bai yanke labarin ba. Shekara goma sha huɗu ina auren ɗiyarsa, ban taɓa ganin alamar ya ɗauke ni wani abu ba.

Na ce, "Majo, ƙara."

Ya ƙara zuwa huɗu. Na ce ƙara. Muka tsaya a shida, shi yana girgiza kai, ni ina murmushi. Ya ce minti goma kaɗai zai bar ni. To a daidai nan aka gane tafintan Mai Girma bai iso ba, esansi, wato fetur, ya ƙare wa motarsu a hanya. Aka janye Majo aka tsayar da shi kusa da Mai Girma, ya riƙa juya jawabi daga Faransanci zuwa Hausa.

Jama'a, na sha jin jawabi a rayuwata, amma ban taɓa jin jawabi da bayana ba sai ranar. Da Mai Girma ya fara gaishe da manyan baƙi ɗaya-ɗaya, tururuwa ta zama cinnaka. Da ya shiga tarihin ƙasa, cinnaka ta zama garwashi. Da ya kai kan hanyar mota da za a yi mana baɗi, irin baɗin nan da muka saba ji tun bara waccan, ina jin ƙarfen nan yana cin namana a hankali, gumi na sauka har cikin wando. Majo yana ta waiwayo ni. Duk waiwayen da ya yi sai in gyaɗa masa kai in ƙara buɗe haƙora. Kalma ɗaya ce tsakanina da sauƙi, amma yaya namiji zai ce wayyo gaban surukinsa? Na kafe yatsun ƙafata cikin rairayi, na yi ta salati a zuci, har inuwar gawon ƙofar likita ta dawo gindinsa.

Da aka gama tafi, Majo ya rugo ya kashe. Kafin ya kai hannu na zaro faifan da kaina na gyara wuyan riga. Mai Girma da kansa ya matso ya tambaya yaya na ji.

"Ranka shi daɗe, kamar yau anka haihe ni!"

Kuma ban yi ƙarya duka ba, don ciwon kafaɗar na manta da shi sarai. Aka yi guɗa. Wani ma'aikaci ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada ya manna a takarda, shaidar cewa akwati ya warkar da mutum na farko nan take.

Washegari bayana ya tashi da gyambo biyu, zagayayyu, masu zurfi. Rahamatu ce kaɗai ta gani, ita ke shafa mini man shanu da gashin kaza, ni ina kwance rub-da-ciki ina cizon tabarma.

"Malam, wagga warkewa taka hwa tana ruwa," in ji ta.

Na ce ciwon ne ke fita. Ta ce to Allah ya sa ya bar mata sauran miji in ya gama fita.

Da na yi shiru a gida da sauƙi. Amma ina fita majalisarmu ta gindin bishiyar bedi sai bakina ya ƙwace. Na ce akwatin nan, wanda bai kai lamba shida ba wasa ya yi. Maƙwabcina Cindo mai sai da igiya da guga ya je ya dawo ya ce shi bakwai ya sha. Wani ya ce takwas. Majo ya so ya kulle akwatin har a samo matashin, amma takarda ta zo daga sama cewa duk mai so a yi masa, tun da ga shaida ya warkar. Sai ya riƙa sa ɗan bandeji jiƙaƙƙe, siriri, wanda zafin Dakoro ke busarwa kafin a gama gaisawa. Mata dai ba abin da ya same su. Da sun ji cizo sai su ce, "Kai, Majo, kashe abinka!" su tashi lafiya lau. Mu maza kuwa ba mai yarda a duba bayansa, ba mai cewa ya ji zafi. Cikin wata guda majalisarmu ta koma ta mutum shida zaune tsaye ƙiƙam kamar sabbin sojoji, ba mai jingina da bishiya, kowa na yabon akwati.

Na taɓa tambayar Cindo, "Ƙaƙa ba ka jingina yanzu?"

Ya ce, "Tun da ni warke, bayana ba shi son jingina. Kai hwa?"

Na ce ni ma haka.

Haka muke har ranar Talata, Rahamatu ta dawo daga rijiya ta sauke tulu da ƙarfi. Ta ce saƙo ya zo daga Kornaka. Ƙafar Baba ta hagu, wadda ta shekara tana mutuwa har ƙaya kan soke shi bai sani ba, ita zai kawo wa akwati ranar Alhamis. Ya ce da idonsa ya ga yadda aka warkar da surukinsa.

"Malam, kai da kake da ji ka ga abin da ya yi maka. Shi da ƙahwar ba ta ji, wa za ya hwaɗa mishi ta ƙone? Ko ka hwaɗa mishi gaskiya, ko ni in hwaɗi."

Gaskiya ta faɗa. Na san gyambo a ƙafar da ba ta ji, na ga yadda yake yi. Ba ya warkewa, ci yake ta yi har a kai mutum Maradi a dawo da shi da ƙafa ɗaya. Tsohon nan zai rasa ƙafarsa saboda murmushina. Amma in je gabansa in ce ƙarya na yi? Ni da tsakanina da shi sai gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa? Sai na yi abin da duk matsoraci mai wayo ke yi, na ce bari in kai ƙara buro, a gyara abin daga sama ba tare da sunana ya fito ba.

Ranar Laraba na isa Buron Karɓar Alheri, na yi zaman benci tun safe har azahar, sannan aka shigar da ni gaban Mai Girma Uban Hatimi. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai aiki. Hatimi bakwai ne jere a teburinsa, kowanne da ranar da ake buga shi. Na durƙusa na ce akwatin likita yana ƙona mutane.

"Wa ya ƙone?"

"Wani mutum na, ranka shi daɗe."

"Mi sunanshi?"

"Ba shi son a hwaɗi."

"Mutumin da ba shi da suna ba shi da hwata. Mu nan da takarda muke aiki." Ya jawo wata ya shimfiɗa gabana. "Ga shaidar wani Sallau, ya warke nan take. Wanga yatsan wa na?"

Na dubi yatsana, na dubi takarda, na ce nawa ne. Ya ce to madalla, ƙara ta mutu. Ya ɗauki hatimi na huɗu zai buga a kan maganar, ya dangwala shi a matashin tawada. Nan idona ya tsaya. Matashin nan zagayayye ne, mai kauri, an jiƙa shi da tawada shuɗiya har ya yi baƙi. Ba sai an auna mini faɗinsa ba, ina ɗauke da awonsa guda biyu a bayana.

"Ranka shi daɗe, wanga abu daga ina ya hito?"

"Cikin akwatin alheri mana. Mutanen nan akwai hankali. Sun san sabuwar ƙasa na bukatar hatimi, sai sunka saka muna matashin tawada goma sha biyu cikin kayan. Mun raba ma kowane buro nashi."

Wato jama'a, abin da aka aiko don ya tsare fatata, a kansa aka dangwala yatsana na shaida cewa fatata lafiya take. Na ce ko za a ara wa Majo biyu. Ya ce kayan buro ba su fita sai da takarda, takardar kuma sai an buga mata hatimi na biyu, shi kuwa hatimi na biyu ranar Litinin ake buga shi.

Na fito. Hanyar gida ta ƙofar likita take bi, Majo na zaune yana wanke allura. Da na tsaya na faɗa masa, da magana ta ƙare. Na gaishe shi da aiki na wuce.

Jiya Alhamis, Baba ya iso a bayan kamiyon kasuwa, babbar motar kaya. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri kamar kullum, muka rankaya gidan likita. Ƴan majalisa duk sun zo kallo. Rahamatu ta tsaya bakin ƙofa da lulluɓi, idonta na kaina. Aka zaunar da tsoho a benci, ya naɗe wando. Ƙafar ta bushe ta rame, duk tabon ƙaya. Majo ya soka masa tsinke a sangali, ko gezau.

"Baba, ƙahwar da ba ta ji ba a sa mata wanga abu. In ta ƙone ba ku sani."

"Ta ƙone? Surukina ya sha lamba shida gabana, mi ya same shi? A sa min shida, kuma a bar shi tsawon jawabi."

Majo ya dubi takardar umarni da ke manne a bango, ya dubi wani gardin buro da ke tsaye yana lura ko za a hana wani, ya yi ajiyar zuciyar nan tasa. Ya jiƙa ɗan bandejinsa, ya ɗora faifai a ƙaurin tsoho, ya ce shi dai biyu zai sa. Tsoho ya miƙa hannu wajen maɓalli da kansa.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Shekara goma sha huɗu harshena bai saba ba, ba ranar zai koya ba. Sai hannuwana suka yi abin da baki ya kasa. Na kama rigar sallah na zare ta ta kai, inda ta manne da gyambo ta ɓalle da shi, na juya wa surukina baya tsirara. Sannan na ce wayyo, da ƙarfi, wayyon da na riƙe wata biyu.

Baba ya janye hannunsa daga maɓalli, ya juya fuskarsa bango. Majo ya fizge waya daga batir, ya zo ya duba bayana, ya yi faɗa da Zabarmanci, ya ƙara da Faransanci, ya sauka da Hausa.

"Na ce ka hwaɗi! Ban ce ka hwaɗi ba? Saura wa?"

Ba wanda ya motsa. Can sai Cindo ya yi tari, ya fara kwance maɓallin wuya. Nasa ya fi nawa muni, don shi da gaske bakwai ɗin ya sha. Ɗaya bayan ɗaya majalisarmu ta tuɓe, mutum shida, gyambo goma sha biyu, ba mai kallon wani. Wata tsohuwa ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin wawaye sun zo da lamba iri ɗaya ba.

Majo bai bari mun sa riga ba. Haka ya tasa mu gaba ta tsakiyar kasuwa har Buron Karɓar Alheri, ya jera mu gaban Uban Hatimi, muka juya masa baya. Mai Girma ya fara cewa a rubuto. Majo ya ɗauki matashin tawada daga teburin ya kara shi kusa da gyambona, faɗi ɗaya, ba ragi ba ƙari. Ya shiga buro na kusa ya ɗauko na biyu, ya zuba su aljihu ya fita, Uban Hatimi na biye da shi yana tambayar da me ƙasa za ta yi aiki.

Ƙafar Baba dai ba a sa mata wuta ba. Majo ya ce ko da matashi ba zai sa ba, ya ba shi takardar zuwa babban likita a Maradi. Tsoho ya tafi masaukinsa bai dube ni ba. Na koma gida na tabbata na gama zubar da ɗan mutuncin da ban ma samu ba.

Yau da safe Rahamatu ta kai masa fura kafin kamiyo ya tashi, ta dawo tana danne dariya. Na ce ya yi maganata? Ta ce ya yi.

"Ya ce in hwaɗa maka shekara arba'in ya yi yana sa ma shanu lamba da wuta, ya san idon dabbar da ƙarhe ke ci. Tun ranar buki ya gane, da ya ga yatsunka sun tona rami cikin ƙasa."

Na ce to don me ya kawo ƙafarsa?

"Ya ce so yake ya gani, tsakanin kunyarka da ƙahwarshi wace za ka zaɓa."

Na ce da na yi shiru fa?

"Ya ce da ya bari an ƙona, tun da ba ta ji. Amma da ni da shi za mu hau kamiyon Kornaka." Ta ajiye ƙwarya ta ɗauko gashin kaza. "Ya kuma ce in gaida Sallau. Da sunanka ya hwaɗi, Malam. Juya in shahwa maka."

Shekara goma sha huɗu, sai da na tsaya gabansa ba riga sannan ya san ina da suna. Na kwanta rub-da-ciki, na bar ta ta ɗauka zafin man shanu ne ya kawo mini ƙwalla.

Kafaɗar dai tana nan da ciwonta, a takarda kuma har yanzu ni warkakke ne, don ba a soke shaida sai da hatimi, hatimi kuwa ba matashi. Tun jiya buro biyu ba su buga komai ba, na zaga gari ban ga abin da ya tsaya ba. Majo ya wanke matashin nan sau bakwai tawada ta ƙi fita, duk wanda aka yi wa aiki yau ya tashi da shuɗin tambari biyu a baya, ba ƙuna. Ɗazu na ji Cindo, yana kwance rub-da-ciki a zaurensa, yana gaya wa wani baƙo cewa akwatin ya lalace tun da aka sa masa matashi, a zamaninsu ne yake da ƙarfi.